Zinariyar da Jiƙaƙƙen Tsumma Ya Kwashe

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru ba na wurin. Sadiƙ ya fi kowa iya shi, domin shi yana jami'a a lokacin, kuma wanda bai ga abu ba shi ya fi kawo shi daki-daki. Cewa kuke yi mahaifiyarku ta kori yayarku Ummi daga gida da jaririya a hannu saboda wani guntun katako. To, katakon gaskiya ne, jaririyar ma gaskiya ce. Korar ce ba a yi ba. Na koyar da kimiyyar sinadarai shekara goma sha ɗaya a makarantar 'yan mata a Katsina kafin babanku ya kawo mu ƙasar nan, kuma abin da nake fara gaya wa kowane aji shi ne a rubuta abin da ido ya gani kafin a rubuta abin da zuciya ke zato. Saboda haka ga abin da na gani.

A shekarun da gwamnatin ƙasar nan ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sai aka fara da aljihunan da dama babu komai a ciki. Ni lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare a Gorton, ina wanke kwalabe, ina auna wa malamai asid, malaman da wasunsu da a Katsina ne da ban bar su sun wuce aji uku ba. Wata Juma'a aka kira ni ofis, aka ba ni shayi da biskit, aka yi mini doguwar godiya. A ƙasar nan in aka haɗa maka shayi da godiya a zama ɗaya, ka fara neman jakarka. Ina da shekara hamsin da huɗu. Babanku yana aikin asibiti a Birmingham daga Litinin zuwa Juma'a, sai ƙarshen mako yake dawowa gidanmu na Old Trafford a Manchester. Da na miƙa masa takardar sallamar, ya karanta ta da fara'a kamar sakamakon gwajin jini mai kyau.

"Alhamdu lillahi, Malama. Kin huta ke nan."

"Wa ya ce maka na gaji?"

Ya yi dariya, don ya ɗauka wasa nake.

Wata biyu na yi ina hutun da ban roƙa ba. Na goge gidan nan har na fara jin tausayin kujeru. Daga nan na soma fita yawo cikin gari, kuma da yake gidan ajiye zane-zane na birni ba a biyan kuɗin shiga, ga ɗumi, can na riƙa ƙarewa. Ban je neman hikima ba, kada wani ya ƙawata ni bayan raina. A can ƙurya akwai ɗakin da ba kowa ke shiga ba, inda suka rataye tsofaffin alluna na Italiya masu shekara ɗari shida da 'yan kai, bayansu duk zinariya. A ɗaya an zana wata waliyyiyarsu, fuskarta kore-kore kamar wadda jirgin ruwa ya juya wa ciki. Na faɗa a fili, da Turanci, cewa baiwar Allah nan tana bukatar ganin GP, wato likitan unguwa.

"Lafiyarta ƙalau," in ji wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a benci, ba ta ko dube ni ba. "Wanke ta aka yi."

Sunanta Brenda. Ta ce masu zanen wancan zamani koriyar ƙasa suke fara shafawa a inda fuska za ta zauna, sannan su bi ta da ja-ja siriri, koren yana leƙowa daga ƙasa kamar jijiya a ƙarƙashin fata. Sai aka yi ta samun masu ƙwazo, tsara bayan tsara, suna dirzar allon da sabulu don ya yi tsabta, har jan ya tafi ya bar koren. Ta ce a sana'arta masu ƙwazo sun fi gobara ɓarna. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana gyaran irin waɗannan alluna a ƙasan ginin da muke zaune, kuma a damina ɗaya aka ba mu shayi ni da ita. Tana zuwa ne ta zauna ta duba tsofaffin majinyatanta. Na tambaye ta da me ake haɗa koren, ta faɗa, na ce ashe ƙarfe ne a ciki. A nan ne ta juyo ta dube ni.

Tana da gareji bayan gidanta, tafiyar minti goma daga namu, inda take karɓar gyaran firam da alluna daga coci-coci da tsofaffin gidaje. Rana ta uku da na je, ta miƙo mini hannayenta biyu ta ce in duba. Suna rawa. Ta ce kai yana nan, ido yana nan, amma hannun ba ya iya ɗora zinariya kuma. An yi mata tayin wani babban aiki, allon bayan bagadi na wata tsohuwar coci, an ba ta shekara ɗaya ta ce e ko a'a.

"Ki zo ki koya shekara guda, ba albashi. A ƙarshe ki yi mini allo ɗaya daga farko har ƙarshe, ke kaɗai. In ya yi, mu karɓi aikin tare. In bai yi ba, in rufe garejin in koma wurin ƙanwata bakin teku in yi ta kallon tsuntsaye har in mutu."

"In kuma na ce ina da shekara hamsin da huɗu fa?"

"Su na da suna fara koyo da shekara goma sha biyu, rabin lokacin a banza yake tafiya wajen hana su wasa. Ke kin wuce nan."

Ku da kuke cewa guntun katako, ku saurara ku ji abin da ke kansa. Da fari ana jiƙa fatar zomo a dafa ta a hankali har ta zama gam. A shafe allon da shi, a manna masa tsohon ƙyalle. Sai a dama alli da gam ɗin nan, shi ake kira jeso, a shafa sau takwas, wannan shafi a tsaye, mai bi masa a kwance, kowanne sai na ƙasa ya sha iska. In ya bushe a kankare shi da ƙarfe har ya yi sulɓi kamar hauren giwa. Wata uku Brenda ba ta bar ni na yi komai ba sai wannan. Ina dafa gam ɗin a kicin ɗinmu, gidan yana wari kamar majema. Wata Asabar babanku ya buɗe firij ya ga ya daskare a kwano, ya ɗauka romon ƙafar saniya ne. Allah Ya taimake shi na shigo kafin cokali ya kai baki. A kan jeso ake shafa wani jan yumɓu mai laushi, shi ne katifar zinariya, shi yake ba ta wannan ɗumin da kuke gani. Ita kuwa zinariyar falle-falle take zuwa cikin ɗan littafi, ɓawon albasa ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ba a taɓa ta da yatsa, ba a tari kusa da ita, ba a buɗe ƙofa. Ana jiƙa yumɓun da ruwa, a ɗauko fallen da faffaɗan burushi na gashin kurege, a kusanto da shi, sai ruwan ya fizge shi da kansa. Ruwa ne ke kama ta, ruwa ne kuma ke sakinta, ko bayan shekara ɗari biyar.

Kafin a ɗauki falle, ana goga burushin a kumatu don ya sami ɗan maiƙo kaɗan. Fuskar Brenda busasshiya ce kamar takardar jarrabawa, sai ta goga sau uku. Ni kuwa tun ina yarinya ban taɓa fita babu man kaɗe a fuskata ba. Na goga sau ɗaya, zinariyar ta kama burushi ta ƙi saki, ta dunƙule. Falle shida na ɓata a jere kafin Brenda ta sa yatsa a kumatuna ta duba.

"Binta, da me kike soya fuskar nan?"

Daga ranar nake zuwa gareji da fuska fururu, kamar wadda aka yi wa rasuwa.

In zinariyar ta kwanta ta bushe, sai a bi ta da dutsen aƙiƙ mai lanƙwasa, su na da har haƙorin kare suke sawa, ana dannawa a hankali har dusashen abu ya koma madubi. Sannan a ɗauko ƙananan ƙarafa masu hatimi a baki a buga ado, yadda dukawa suke yi a jikin fata. Da haka suke yin kewayen hasken da ke kan waliyyansu, don in an kunna kyandir ya riƙa ƙyalƙyali. Launi kuwa da gwaiduwar ƙwai ake dama shi, shi ne tempera. Yana bushewa kafin ka ƙifta ido, ba ya yarda a cakuɗa shi a kan allo, sai dai a yi ta jera siraran layuka kamar ɗinkin hula, zare bayan zare, har inuwa ta fito. Shuɗin da suka fi girmamawa daga wani dutse ake niƙo shi, na duwatsun Afganistan, kuma a zamaninsu ya fi zinariya tsada. Daga baya masu zanen suka koma dama launi da mai, suka gano dabarar nuna nisa, yadda hanya ke ƙanƙancewa har ta haɗe a ɗigo ɗaya, sai suka yar da zinariya suka sa sararin sama da tsaunuka a bayan mutane. Littattafai suna kiran wannan farkawa. Brenda tana kiransa farkon lalacewa. Ni ban shiga tsakaninsu ba, na dai san wanda nake so.

Ina wata na tara a garejin aka kira ni Small Heath, a Birmingham. Gwaggonku Talatu, yayar babanku, ita ta tara mu a falonta bayan azahar, an yi masa da miyan taushe don kada a ce taron hukunci ne. Ga babanku, ga Ummi da 'yarta Amira a cinya tana da wata bakwai, ga mijinta Kabiru injiniya yana duba waya. Yaya Talatu ba ta iya kewaye-kewaye ba, wannan kam na yaba mata.

"Ke yanzu Binta, da girmanki da Hajjinki, matar consultant, babban likita guda, ki ƙare a gareji kina yi wa coci kwalliya? An ce har fatar zomo kike dafawa."

"Zomo halal ne, Yaya."

"Kada ki kawo mini aji. Mutane suna magana."

"Su wa?"

"Mutane."

"Shekara ashirin ina ƙasar nan ina son in haɗu da Mutanen nan. Da aka sallame ni daga aiki ba su zo jaje ba. Ni ba na zana fuskar kowa, Yaya, zinariya nake ɗorawa. Kuma zinariyar da ke jikin tsofaffin allunan nan, mai yawa daga cikinta daga ƙasashenmu ta fito, a bayan raƙuma ta ƙetare Sahara. Kayan gida nake gyarawa."

Babanku ya fara dariya, ya ga fuskar yayarsa, ya mai da ita tari. Da a nan taron ya tsaya da na ci. Sai Ummi ta yi magana, kuma ita ba ta zo da wasa ba.

"Mama, ni ba ruwana da maganar coci. Council sun rufe nursery ɗin unguwarmu. Na private kuma ya fi ƙarfinmu. Saura mini shekara ɗaya in gama training in zama GP. In ban sami mai riƙe Amira ba kafin September, sai dai in ajiye. Gwaggo ga ciwon gwiwa, Hajiyar Kabiru an hana ta visa sau biyu. Ke kaɗai ce, Mama."

Babanku ya ce dama ya gaji da zirga-zirga a hanya, a ba da hayar gidan Old Trafford mu dawo Birmingham gaba ɗaya. Kowa ya ce wannan shi ne hankali. Na duba ɗakin. Likita ɗaya, injiniya ɗaya, mai shirin zama likita ɗaya, kuma duk iliminsu ya taru ya gano cewa a cikinsu mutum ɗaya ne lokacinsa ba shi da mai shi. Ba wanda ya tambayi Kabiru ko zai rage kwanakin aiki. Ba wanda ya tambayi babanku. Amma Amira ta kama gefen mayafina tana tsotsa, Ummi kuma idonta ya faɗa don rashin barci, ni kuma uwa ce kafin in zama komai. Na ce to. Ku rubuta wannan ma, don ba na ɓoye shi: na ce to, a gaban shaidu.

Ban gaya wa Brenda ba. Na ce a raina zan gama allon gwajin in kai mata a matsayin ban kwana, ta ga dai ba ta ɓata shekararta a kan sakarya ba, sannan in faɗa mata. A ƙaramin ɗakin sama na yi shi, wanda yake na ɗan'uwanku Faruƙ a da. Tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Zinariya daga gefe zuwa gefe, dagi a tsakiya da na buga da hatimi ɗigo-ɗigo, kewaye da shuɗi na gwaiduwa. Wata biyu da rabi ya ci. Ranar da na gama na jingina shi a kan kanta, ban rufe ba, domin ɗanyen ƙwai yana son iska da haske kafin ya yi tauri. Maƙwabtanmu suna fasa bango a lokacin, ƙura tana shigowa ta ko'ina, ta sauka a kansa siririya. Na san da ita. Ina jira in bi ta da gashin tsuntsu ranar da zan kai shi.

Asabar ta ƙarshe a watan Agusta Ummi ta zo da Amira ta taya ni haɗa kaya. Da hantsi na fita shagon kan kwana karɓo kwalaye. Minti ashirin na yi. Da na dawo gidan ya yi shiru, na hau sama, na same ta tsaye a ɗakin Faruƙ da tsumma a hannu. Tsumman yana ƙyalli. A jikin allon, daga kusurwar sama zuwa tsakiyar dagin, an share hanya mai faɗin tafin hannu, jan yumɓu ya fito kamar fatar da aka saɓule. Shuɗin gefe ya bi ruwa ya malalo cikin zinariyar. Da ta ga abin da shafa ta farko ta yi, ta sake shafawa don ta gyara.

"Mama, ƙura ce a kai. I only wiped it, wallahi. Matse shi na yi sosai, ba ruwa da yawa."

Na san ta matse shi sosai. Ni na koya mata. Tun tana da shekara bakwai nake gaya mata ba a goge ƙura da busasshen tsumma, tashi take yi ta sake sauka, kuma 'ya mace ba ta shiga ɗaki ta ga ƙura ta wuce. Duk cikin 'ya'yana ita ce ta fi jin magana. Da Sadiƙ ne ya shiga ɗakin da allon yana nan lafiya har gobe, da ƙurarsa.

Ban yi tsawa ba. Wanda ya ce na yi tsawa ya zo ya faɗa a gabana. Zama na yi a ƙasa, a kan kafet. Na bar aikina a Katsina da ɗalibaina na biyo babanku, ban yi kuka ba. An sallame ni a Gorton, na sha shayin har ƙarshe. Amma ga ni zaune a ƙasa saboda allo mai kamu biyu, ƙirjina kamar an ɗora turmi. Ai ban kwana na ce zan kai shi. Wanda ya shirya rabuwa da abu ba ya jin haka in ya lalace. A nan na gane ƙarya nake yi wa kaina tun ranar masa da miyan taushe.

"Ummi, ba zan zo Birmingham ba."

Ta yi tsaye da tsumman. "Saboda wannan? Mama, na ce ki yi haƙuri. Zan sayo miki wani gold ɗin, ko nawa ne."

"Ba hukunci nake miki ba. Da kin bar shi lafiya da na zo. Da na riƙe miki 'yarki da kyau, ina murmushi, ina jin haushinku a ɓoye har in mutu."

"Training ɗina fa?"

"Ki tambayi Kabiru ya rage kwana biyu. Babanku ya rage ɗaya. Ni in zo duk Juma'a in kwana biyu."

"Kin san ba zai yiwu ba."

"Ban sani ba. Ba wanda ya tambaya."

"Kin yi alkawari, Mama. A gaban kowa."

"Na yi."

Ta ajiye tsumman a hankali a kan kanta, ta sauka. Na ji tana zuge jaka. Na bi ta na ce ta tsaya ta ci abinci, ta bari sai gobe, ta ce ta ƙoshi. Na ɗauki jakar zan raka ta, ta karɓe a bakin ƙofa. Ita ta kira tasi da wayarta. Na tsaya a bakin get har motar ta sha kwana, Amira tana ɗaga mini hannu ta gilas don ita ba ta san an yi komai ba. Wannan ita ce korar da kuke faɗa.

Kafin la'asar babanku ya kira daga asibiti, don aiki ya riƙe shi a can wannan Asabar ɗin.

"Malama, ke da kika tashi yaran nan a kan cika alkawari."

"Na karya wannan. Ka rubuta a kaina."

"Me zan ce wa Yaya?"

"Ka ce mata Mutane sun yi gaskiya."

Litinin na naɗe allon a tawul na kai wa Brenda yadda yake, na gaya mata komai, har da niyyar da na yi ta gudu. Ta daɗe tana kallon jan da ya fito.

"Wa ya yi?"

"Mai ƙwazo."

"Kullum su ne." Ta mayar mini da shi. "Mako shida ya rage in ba masu cocin amsa. Ban ga allo ba tukuna."

Na kankare shi har jeso, na sake shafa yumɓu, na sake ɗora zinariya falle bayan falle, na sake buga dagin. Abin da ya ci wata biyu da rabi na yi shi a mako biyar da kwana huɗu, domin yanzu hannun ya san hanya, kuma ba mai kira na a waya balle ya katse ni. Ranar da na kai, ta fita da shi bakin garejin inda rana take, ta karkata shi nan, ta karkata can, hannunta yana rawa hasken yana rawa tare da shi.

"Wuri uku ja yana leƙowa. Kusurwar nan kuma kin danna dutse da fushi."

"Da fushi na danna."

"Ya nuna. Nan da shekara ɗari wani zai gani ya ce mai wannan aikin tana da matsala a gida." Ta jingina shi a bango. "Litinin, ƙarfe takwas. Za su kawo allon bagadin gunduwa huɗu."

Shekara tara na yi a garejin nan, biyar tare da ita, huɗu ni kaɗai bayan ta rasu ta bar mini ƙarafanta. Ba zan jera muku ayyukan da na yi ba, suna nan a bangon mutane, ba sunana a jikin ko ɗaya, kamar yadda babu sunan waɗanda suka fara yin su.

Ga kuma abin da ya ci. Ba wanda ya tambayi Kabiru, har yau. Ummi ta ajiye training ɗinta shekara biyu, abokan karatunta suka wuce ta, ɗaya ma ta zama mai duba aikinta daga baya. Wata goma sha huɗu ba ta ɗauki wayata ba. Na je Small Heath Juma'a uku a jere kamar yadda na ce, na ƙwanƙwasa, Kabiru ya buɗe ya ce tana barci, da rana tsaka. Tafiyar Amira ta farko a waya na gan ta, Faruƙ ya turo mini a ɓoye. Babanku ya kama flat a can, ya koma zuwa mako bibbiyu, muka daɗe muna gaisuwa kamar maƙwabta masu mutunci. Gwaggonku Talatu ta koma ga Allah ba ta sake ra'ayi a kaina ba, kuma ina girmama ta da wannan. Duk na san da su. Ban rubuta babin nan don in ce ba a yi asara ba, ko in ce ba ni na jawo ta ba. Na rubuta ne don ku daina cewa fushi ne ya ɗebe ni. Fushi yana hucewa kafin magariba, ni kuwa na sami shekaru ina iya komawa in ce na tuba, ban koma ba.

Ni da Ummi ba mu taɓa zama mun yi maganar ba sai bara. Ta zo Manchester wani taron likitoci, ta biyo da rana, ta same ni a kicin ina tsince wake. Ta ja kujera ta sa hannu a tiren ba tare da na ce ba. Mun kusa rabi sai ta ce, ba ta ɗago ba:

"Mama, da ban goge allon nan ba, da gaske da kin zo?"

"Da na zo."

"Da na gama a kan lokaci."

"Da kin gama."

"Ke kuma da ba ki yi shekara taran nan ba."

"Ko ɗaya."

Ta ci gaba da ware tsakuwa. Na jira ta ce ta yafe, ko ta nemi in roƙa. Na riga na shirya amsata, kuma ba mai daɗi ba ce.

"Amira tana son ta bar Chemistry ta yi Art," ta ce. "Kabiru ya ce sam. An sa taro ranar Lahadi."

"Ke me kika ce?"

"Ban ce komai ba tukuna." Ta tura tiren gabana. "Akwai jirgin ƙasa na ƙarfe tara. Ki zo da bakin nan naki."